Tsakanin Yola da Garwa, Wa Ke Tantance Kayan Aikin Likitan Haƙori?

Ciwon haƙori ba ya jiran gari ya waye. Magidancin Mbamoi da kogon haƙori ya hana shi runtsawa, kafin asuba ya riga ya gwada kanumfari, ya kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, ya haɗiyi ƙwayar da ya saya a kemis. Idan abin ya ƙi, sai ya tari keke napep ya nufi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, ko ya zarce Jimeta, Asibitin Ƙwararru ko ɗaya daga cikin ƙananan asibitocin kuɗi. Maganarsa ta farko ba ta canzawa: "Likita, don Allah a cire min shi in huta." Ba zai tambayi inda aka ƙera awartakin da za a damƙi haƙorin da shi ba, balle wanda ya gwada garin da za a cike kogon da shi. Ba hurumin mai ciwo ba ne ya tambaya. Aikin hukuma ne, kuma a Adamawa wannan aiki yana tsayawa cak a bakin iyaka, alhali mutane da kaya ba sa tsayawa.

A dubi farantin ƙarfen da ke gefen kujerar likita. Akwai ɗan madubi mai dogon mariƙi, da tsinke mai lanƙwasasshen baki, da awartakai iri-iri, kowane da haƙorin da aka ƙera shi dominsa, na matauni daban, na fiƙa daban. Akwai siririyar allura da 'yar kwalbar maganin kashe zafi. Akwai injin huda, wanda kansa ke juyawa sau dubu 300 zuwa dubu 400 a minti ɗaya, yana fesa ruwa don kada haƙori ya ƙone. Akwai ƙananan tsinkayen da ake zura wa cikin saiwar haƙori, waɗanda wasunsu ba su kai allurar ɗinki kauri ba. Akwai garin ciko, da fitila mai shuɗin haske da ke daskarar da shi. Can a lungu kuma tukunyar turara kayan aiki ce, wadda sai ta kai zafin digiri 121 ko 134 na tsawon lokacin da aka ƙayyade kafin a ce ƙwayoyin cuta sun mutu.

Kusan duk waɗannan daga ƙetare suke zuwa. Awartakai da madubai da yawa a Sialkot ta Pakistan ake ƙera su. Kujeru masu sauƙin kuɗi daga Foshan ta ƙasar Sin suke fitowa. Garin ciko da dashen haƙori masu tsada na Jamus ne, ko Suwizalan, ko Japan, ko Amurka. Likitan Jimeta ba shi da ɗakin gwaji da zai auna ingancin ƙarfe ko ƙarfin haske. Dogaronsa yana ga dillali, dillali kuma ga takarda.

Ba wai Najeriya ba ta da doka ba. Tun 1993 aka kafa NAFDAC, kuma kayan aikin asibiti suna cikin abubuwan da aka ɗora mata sa ido a kansu, tare da abinci da magunguna. Tana rarraba su aji huɗu gwargwadon haɗarinsu. Kamfanin waje da ke son sayar da kayansa sai ya naɗa wakili a cikin ƙasa, ya kawo shaidar cewa ana sayar da kayan a ƙasar da aka ƙera su, a yi musu rajista mai wa'adin shekara biyar. Na'urar ɗaukar hoton ƙashi tana da tata hukumar, NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa ta fara aiki a 2001. Ga hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, ga majalisar MDCN mai ba likitoci lasisi. A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga NAFDAC zuwa mataki na uku na ƙwarewa, matakin da ƙasashen Afirka ƙalilan suka kai. Abin yabo ne. Sai dai a kan magunguna da allurar rigakafi aka yi wancan awo, ba a kan injin huda da garin ciko ba.

Yanzu a ɗauki taswira. Daga Yola zuwa Legas ya haura kilomita dubu ko da a miƙe aka ja layi. Daga Yola zuwa Garwa kuwa kimanin kilomita ɗari ne, kuma kogi ɗaya ne ya ratsa su, wato Binuwai. Ƙasa ɗaya ce a da. Modibbo Adama ya zauna a Gurin, bakin kogin Faro, kafin ya kafa Yola a 1841, kuma lamidon Garwa da na Ngaundare duk a ƙarƙashin tutar masarautarsa ta Fombina suka kasance. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ce ta bar Yola a gefe ɗaya, mafi yawan ƙasarta a ɗaya gefen. Ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ta dawo da Mubi da Ganye cikin Najeriya, ragowar ta zauna a Kamaru. Amma aure bai yanke ba, kasuwa ba ta mutu ba. Ta Belel, ta Gurin, ta Sahuda, shanu da hatsi da man fetur da magunguna suna kai-komo, wasu ta gaban kwastan, wasu ta bayan gari. Marasa lafiya ma haka: duk inda aka ji labarin likita mai hannu, ko inda canjin sefa da naira ya fi sauƙi a lokacin, can ake nufa. Hanyar da ta ɗauki katan ɗin magani ba za ta kasa ɗaukar ƙullin tsinkayen haƙori da ke shiga aljihun riga ba.

A ɗaya gefen, Kamaru tana da nata tsarin, mafi yawansa da Faransanci. Sashen kula da magunguna da ɗakunan gwaji na Ma'aikatar Lafiya a Yawunde ne ke ba da izini, ɗakin gwajin LANACOME ke auna inganci, hukumar ANOR ke kula da ƙa'idojin kayayyaki. Takardar NAFDAC ba ta da ƙarfin doka a Garwa, izinin Yawunde ba shi da ƙarfin doka a Jimeta.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, layin da ya bi ta gabashin Adamawa ya raba ƙungiyoyi biyu na yanki, ba ƙasashe biyu kaɗai ba. Najeriya tana ECOWAS, wadda ta ƙaddamar da shirin daidaita rajistar magunguna a 2017 ta hannun hukumar lafiyarta, WAHO. Kamaru da Chadi suna CEMAC, kuma nasu aikin daidaitawar yana hannun OCEAC da ke Yawunde. Saboda haka jami'in Najeriya yana zama teburi ɗaya da na Gambiya da na Senegal, waɗanda ba su da ko taku ɗaya na iyaka da ƙasarsa, amma maƙwabcin da suke da iyaka mafi tsawo da shi ba ya wurin. Sannan a ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata. Cikin ƙasashe huɗu da Najeriya ke iyakar ƙasa da su, Benin ce kaɗai ta rage a ƙungiyar. Duk wanda ya ce wa mutumin Yola, ko na Maiduguri, ko na Katsina ya jira ECOWAS ta daidaita masa ƙa'ida da maƙwabcinsa, to bai dubi taswirar ba.

Me ya sa harkar haƙori ta fi jin jiki a wannan rabuwa? Lissafin kasuwa ne. Mai shigo da maganin zazzaɓin cizon sauro yana yi wa abu ɗaya rajista ya sayar da miliyoyi. Mai shigo da kayan haƙori kundin hajarsa yana ɗauke da dubban abubuwa, kowane ɗan mitsitsi, kowane masu sayensa ba su da yawa, domin likitocin haƙori kaɗan ne, mafi yawansu kuma suna manyan birane. A duk Arewa, makarantun da suka daɗe suna yaye su na Jami'ar Maiduguri ne da na Jami'ar Bayero a Kano. To idan kamfani zai haɗa fayil da Turanci don Legas, ya haɗa wani da Faransanci don Yawunde, ya naɗa wakili nan ya naɗa can, ya biya kuɗi nan ya biya can, ya jira watanni a kowane gefe, duk don ya sayar da 'yan kwalaye, sai ya ga abin bai biya ba. Ɗayan biyu ke faruwa: ko kaya mai kyau ya ƙi zuwa gaba ɗaya, ko ya zo cikin jakar matafiyi daga Dubai ba tare da kowace hukuma ta san da shi ba. Idan kuwa mai kyau ya saba shigowa ta jaka, jabu ya samu abokin tafiya. Faɗuwar darajar naira tun daga Yunin 2023 ta ƙara tura kowa wajen neman mafi arha, kuma wayar hannu ta sa odar kaya daga Sin ta zama aikin minti biyar.

Wannan ba matsalar matalauta kaɗai ba ce. A 2012 hukumomin Ingila sun gargaɗi likitocin haƙori kan wata ƙaramar na'urar ɗaukar hoto ta hannu da ake sayarwa da arha a intanet, bayan gwaji ya nuna tana zubar da haske mai illa ga mai riƙe da ita da wanda ake ɗauka. Ingila ta gano ne saboda tana da masu gwadawa da hanyar sanar da kowane likita. Irin wannan na'ura idan ta sauka a Garwa, aka hana ta, ba abin da zai sa labarin ya iso Jimeta. Idan a Jimeta aka kama ta, ragowar kayan sai su ƙetare su ci kasuwa a can.

Illar kayan haƙori marasa inganci ba ta yin ƙara. Maganin jabu yakan kashe yara da yawa a lokaci ɗaya, a ji a rediyo, a kafa kwamiti. Tsinken da ya karye a cikin saiwar haƙori kuwa mutum ɗaya yake azabtarwa. Fitilar da haskenta bai kai ba takan bar ciko ɗanye a ƙasa, bayan wata shida ya faɗi, ciwo ya dawo. Awartakin da ƙarfensa ba na ƙwarai ba ne yakan yi tsatsa a mahaɗa, jini ya maƙale a wurin. Tukunyar da allonta ke nuna 134 alhali cikinta bai kai ba, tana iya ɗaukar ciwon hanta daga bakin wani zuwa bakin wani, kuma sai bayan shekaru za a gane, lokacin da ba mai tuna ranar da aka cire haƙori. Mai ciwo zai ce haƙorinsa ne marar ƙwari, ko hannun likita ne, ko ƙaddara. Ba wanda ke rubuta lambar kwalin da abin ya fito.

Akwai kuma ɓangaren da ba ya shiga asibiti sam. Haƙorin Makka tsohuwar ƙawa ce da alhazai da hajiyoyi ke dawowa da ita, kuma da wuya a samu wanda ya tambayi wane ƙarfe aka haɗa a ciki. Ga masu dasa haƙorin roba a gefen kasuwa, ga wayar gyaran haƙori da 'yan mata suka fara sawa don ado. Waɗannan ma kayan asibiti ne a idon doka, kuma su ne suka fi sauƙin ƙetare iyaka.

Batun zaiba ya sa jinkiri ya zama haɗari. Tsohon cikon nan mai launin azurfa, wanda ake kira amalgam, kusan rabinsa zaiba ne. Ya yi wa duniya aiki fiye da shekara ɗari da hamsin saboda arha da ƙarko, kuma likitoci ba sa ba da shawarar a ɓanɓare wanda ke zaune lafiya a baki. Damuwar ita ce zaibar da ke bin magudanar ruwa da bola ta ƙare a kogi da cikin kifi. Yarjejeniyar Minamata, wadda aka amince da ita a 2013 ta fara aiki a 2017, ta sa ƙasashe rage amfani da shi. Najeriya da Kamaru duk suna ciki. A taron Bali na 2022 an ce a kauce wa sa shi a bakin yara 'yan ƙasa da shekara 15, da masu ciki, da masu shayarwa, kuma likitoci su daina amfani da zaiba ta kwalba. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi da fitar da shi waje daga 1 ga Janairun 2025. A taron Janeba na Nuwamban 2025 kuma aka tsayar da 2034 a matsayin shekarar daina ƙera shi da cinikinsa tsakanin ƙasashe. Ƙasashen Afirka ne suka fi matsawa a kan wannan, har sun nemi a yi tun 2030.

To ina ragowar kayan za su nufa? Duk lokacin da wata kasuwa ta rufe, abin da ya rage a sito yakan gangara inda ƙofa ta fi sako-sako. Idan Abuja ta tsaurara Yawunde ta sassauta, ko akasin haka, Belel da Sahuda ne za su ga sakamakon. Kuma zaiba tana da wani mai saye da ke jira, wato masu haƙar zinare na gargajiya, waɗanda ke kama ƙurar zinare da ita su ƙona ta a fili. An sha samun zaibar da aka shigo da ita da sunan aikin haƙori ta ƙare a ramin haƙa a ƙasashe daban-daban.

Abin da zai maye gurbin amalgam ya fi shi buƙatar sa ido. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kayan haƙori uku a jerin magunguna masu muhimmanci: sinadarin fuloraid, da wani ruwan azurfa da ke tsayar da ruɓewar haƙori, da simintin ciko mai garin gilashi. Wannan siminti ya dace da ƙauyukan Fufore da Maiha, domin ana iya aiki da shi da kayan hannu kawai, ba injin huda, ba wutar lantarki. Amma zafi da laima suna ɓata shi, kuma marar kyau ba ya wata uku a baki. Zafin Yola a watan Afrilu yana haura digiri 40, Garwa ma haka. Gwajin da aka yi don sito mai sanyi a Turai bai amsa tambayar shagon kwano a Jimeta ba. Ƙasashen biyu tambaya ɗaya suke da ita, babu dalilin da zai sa kowace ta biya kuɗin amsa ita kaɗai.

Wasu maƙwabtan sun gwada hanyoyi daban-daban, kuma ba duka suka yi nasara ba. Ostireliya da Niyuzilan, masu harshe ɗaya da tsarin shari'a iri ɗaya da arziki, sun sa hannu a 2003 za su kafa hukuma guda ta magunguna da kayan asibiti. Majalisar Niyuzilan ta ƙi ba da goyon baya a 2007, aka farfaɗo da maganar a 2011, aka binne ta a Nuwamban 2014. Suwizalan kuwa, gidan kamfanin Straumann mai dashen haƙori, ta daɗe tana da yarjejeniyar amincewa da takardun juna da Tarayyar Turai. Rikicin siyasa ya hana sabunta ta, daga 26 ga Mayun 2021 kamfanoninta suka koma baƙi a kasuwar da ke kewaye da su, sai sun naɗa wakilai sun sake laƙabin kaya. Wadda ta ɗore ita ce mafi sauƙin buri: Amurka da Kanada da Barazil da Japan da Ostireliya sun yarda a binciki masana'anta sau ɗaya, rahoton ya wadatar da su biyar, amma kowace ƙasa ta riƙe ikon cewa e ko a'a. Mudu ɗaya suka yarda a auna da shi, kowa kuma da rumbunsa.

Wannan ita ce hanyar da ta dace da Najeriya da Kamaru. Neman hukuma guda ɓata lokaci ne. Abin da ake buƙata shi ne kowace ta iya dogara da aikin da ɗayar ta riga ta yi, ta duba, ta sa hannu.

Inuwar da za a yi wannan a ƙarƙashinta ma tana nan. A Fabrairun 2019 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da yarjejeniyar kafa Hukumar Magunguna ta Afirka, wadda aikinta ya haɗa da kayan asibiti. Sai ƙasashe 15 sun miƙa takardar amincewa za ta fara aiki, kuma Kamaru ce ta cike ta 15 a Oktoban 2021, yarjejeniyar ta kama aiki a 5 ga Nuwamba. Benin da Nijar da Chadi duk suna cikin ƙasashen farko da suka amince. Najeriya, mai babbar kasuwa da hukumar da ta fi nasu ƙarfi, ba ta cikinsu. An ba Kigali mazaunin hukumar, a 2025 aka naɗa Dakta Delese Mimi Darko ta Ghana shugabarta ta farko. Akwai kuma dandalin masu sa ido kan kayan asibiti na Afirka da ke tsara ƙa'idoji na bai ɗaya. Sai dai hukumar nahiya za ta fara ne da allurar rigakafi da manyan magunguna masu wuyar tantancewa, kuma daidai ne ta yi hakan. Kafin layi ya zo kan garin ciko, yaran da ke firamare a Mbamoi yau sun yi aure.

Masu adawa suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa idan aka amince da takardar maƙwabci, mai mugun kaya zai nemi ƙofar da ta fi rauni ya shiga, daga nan ya bazu ko'ina. Gaskiya ne, kuma Turai ta ɗanɗana: a 2010 aka gano wani kamfanin Faransa, PIP, yana cika dashen mama da silikon na masana'antu, alhali kayan suna ɗauke da tambarin CE da ke buɗe musu duk kasuwannin Turai. Wannan abin kunya na cikin dalilan da suka sa aka sake dokar gaba ɗaya a 2017. Amma a lura, Turai ba ta koma kowa tasa ta fisshe shi ba. Ta ƙara tsaurara bincike ne, da bin sawun kaya bayan sun shiga kasuwa. Kuma halin da ake ciki yau a iyakar Adamawa ba kariya ba ne, domin mugun kayan yana wucewa tun yanzu. Mai bin doka ne kaɗai iyakar ke tarewa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kuma kowa a Mubi ya san abin da ya tsaya da abin da bai tsaya ba.

Wata hujjar ita ce kuɗin shiga, tunda hukumomi suna samun kuɗi daga rajista. Amma kayan da ba a yi wa rajista ba ko kwabo ba sa kawowa. Sauƙaƙa hanya zai jawo masu jaka su shigo fili. Akwai kuma masu cewa kasuwar bai ɗaya ta Afirka, wadda Najeriya ta sa wa hannu a Yamai a Yulin 2019, za ta warware komai. Waccan yarjejeniya haraji take saukewa, ba ta sa jami'in Yawunde ya yarda da gwajin Legas. Dokar shugaban ƙasa ta Yunin 2024 da ta ɗage haraji kan injuna da ɗanyen kayan masu ƙera magunguna da kayan asibiti tana neman a riƙa ƙera su a gida. Wanda zai kafa masana'antar safar hannu ko allura ko audugar haƙori a Kano ko Yola zai so ya san ko zai iya sayarwa a Garwa da Marwa da Njamena ba tare da ya fara daga farko a kowace ƙasa ba.

Dole kuma a faɗi iyakar abin. Takarda ba ta turara awartaki. Asibitin da ba wuta, ba mai gyaran injin, ba ma'aikaci, ba yarjejeniyar da za ta cece shi. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta mutum biliyan uku da rabi ke fama da cututtukan baki, kimanin miliyan 480 a yankin Afirka. Cutar noma mai zaizaye fuskar yara, wadda asibitin Sakkwato ke yaƙa tun 1999, sai a Disamban 2023 ta shiga jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. A wurin da buƙata ta kai haka kuma kuɗi ya yi ƙaranci, kowace naira da aka kashe a kan cikon da zai faɗi bayan wata uku asara ce sau biyu.

Farawa ba ya buƙatar sabon gini. NAFDAC da Ma'aikatar Lafiya ta Kamaru za su iya sa hannu kan takardar fahimtar juna a kan ɗan gajeren jeri: kayan ciko, allurar kashe zafi, injin huda, tukunyar turara kaya, na'urar hoto. Fayil ɗaya mai harshe biyu, rahoton gwaji ɗaya, kowace ƙasa ta yanke hukuncinta cikin wa'adin da aka sani. Kamaru tana da Turanci a matsayin harshen hukuma, don haka maganar harshe ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Mafi gaggawa kuma mafi arha shi ne musayar gargaɗi: duk abin da aka janye daga kasuwa a gefe ɗaya, a sanar da ɗaya gefen a cikin mako, da lambar kwali da hoto, kuma saƙon ya isa wayar likitan da ke aiki, kada ya kwanta a ofis. Asibitin koyarwa na Yola da tsangayar likitanci ta Garwa za su iya zama wuraren tattara rahoton kayan da suka gaza, Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Najeriya ta koya wa 'ya'yanta ɗabi'ar rubuta lambar kwali a katin mai jinya.

An taɓa yin abin da ya fi wannan wuya. Bayan cutar shan inna ta sake ɓulla a Borno a 2016, Najeriya da Kamaru da Chadi da Nijar sun riƙa yin rigakafi a ranaku ɗaya, ma'aikata suna tsayawa a mashigai da kasuwannin iyaka, ana tsakiyar rikicin Boko Haram, har aka ayyana Afirka ta rabu da cutar ta daji a Agustan 2020. Kwamitin haɗin gwiwa da aka kafa a 2002 bayan hukuncin kotun duniya kan Bakasi ya shafe shekaru yana kafa ginshiƙan iyaka ɗaya bayan ɗaya.

Rajistar kaya ikon Gwamnatin Tarayya ne, amma Abuja ba za ta ji zafin wannan iyaka kamar Yola ba. Gwamnatin Adamawa tana da abu biyu a hannunta. Tana sayen kaya don asibitocinta, tana iya shar'anta cewa duk ɗan kwangilar da zai kawo kayan haƙori sai ya nuna lambar rajista da za a iya dubawa a kundin NAFDAC na intanet, da lambar kwali, da ranar lalacewa. Sannan kwamishinan lafiya yana da kujera a Majalisar Lafiya ta Ƙasa, inda jihohi ke gabatar da takardun buƙata. Borno da Taraba da Binuwai da Kuros Riba duk suna kan layin Kamaru, kuma takardar da jihohi biyar suka sa wa hannu ta fi wuyar turawa ƙarƙashin fayil. Sanatocin Adamawa uku da 'yan majalisar wakilanta takwas za su iya tambayar NAFDAC, a zaman kare kasafin kuɗi, kayan haƙori nawa ke da rajista a ƙasar nan, da kuma tanadin da aka yi da Kamaru kafin 2034.